In An Ƙona Takarda, A Ɗauko Wata



A wannan fitowa muna so mu yi magana da waɗansu bayin Allah da ba a cika tunawa da su a cikin addu'o'in masu bi ba, wato masu riƙe da alƙalami a cikin ikilisiyarmu. Idan muka ce marubuta, kada hankalinku ya tafi ga manyan malaman jami'a kaɗai. Muna nufin katikis da yake zama da dare yana juya wa'azin Lahadi zuwa Hausar da tsofaffi za su gane, da sakatariyar Zumuntar Mata da take rubuta abin da aka tattauna a taro, da ɗan ƙungiyar mawaƙa da yake tsara sabuwar waƙa domin Misa, da matashin da yake zuba tunaninsa a Facebook ko a wani tsohon littafin makaranta da ba wanda ya taɓa buɗewa sai shi. Muna tunawa musamman da 'yan'uwanmu da aiki ko fatauci ya kai su Wurno da Rabah da Goronyo, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan bautar ƙasa da masu shaguna. Ba su da yawa, sau da dama kuma ba su da wanda za su nuna wa abin da suka rubuta.

Daga bakin irin waɗannan mutane mun sha jin kuka. Takarda ta yi tsada, kuɗin ɗab'i ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya yi ta maza ya buga ɗan littafi, rabi ya raba wa dangi kyauta, ragowar kuwa gara ta cinye a cikin kwali. Wani an yi masa dariya domin Hausa ba ita ya sha a nono ba. Wani tsoro ne ya riƙe masa hannu. Wani kuma ya raka gawa da yawa zuwa makabarta har kalmomi suka ƙare masa. Tambayarsu duka ɗaya ce: mene ne amfanin ci gaba da rubutu alhali ba mai karantawa, ba mai biya, ga kuma haɗari? Wannan tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a sallame ta da “a yi haƙuri” kawai ba. Bari mu dube ta da idon bangaskiya.

Baruk da kaskon sarki

Littafi Mai Tsarki bai manta da marubuci mai karyayyar zuciya ba. A zamanin Yehoyakim sarkin Yahuza, wajen shekara 605 kafin haihuwar Kristi, Ubangiji ya umarci Annabi Irmiya ya tattara saƙon da ya yi shekara fiye da 20 yana faɗa, a rubuta shi cikin naɗaɗɗen littafi. Irmiya ya kira magatakarda, Baruk ɗan Neriya, yana faɗa masa, shi kuwa yana rubutawa da tawada. Da yake an hana Irmiya shiga Haikali, Baruk ne ya ɗauki littafin ya karanta wa jama'a a ranar azumi. Labari ya kai kunnen manyan fada, suka sa ya sake karanta musu. Tsoro ya kama su, suka ce masa ya tafi, shi da Irmiya, su ɓuya tun maganar ba ta kai ga sarki ba.

Lokacin sanyi ne, irin hunturunmu, sarki yana zaune da kaskon wuta a gabansa. Mai karatu yakan karanta sashi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke wurin ya jefa cikin wuta. Mutum uku daga cikin manyan fada suka roƙe shi kada ya ƙona, bai saurare su ba. Haka ya yi ta yi har littafin ya ƙone ƙurmus, sa'an nan ya ba da umarni a kamo annabin da magatakardansa, amma Ubangiji ya ɓoye su. Ku yi tunanin halin da Baruk ya shiga: aikin da ya ɓata ido da baya a kansa ya zama toka cikin zama guda, shi kansa kuma ya zama abin farauta. Umarnin da ya zo daga wurin Allah bayan wannan gajere ne: a ɗauko wata takarda. Suka sake rubuta dukan abin da ya ƙone, har suka yi ƙari a kai. Wannan yana cikin sura ta 36 ta littafin Irmiya.

Akwai kuma wata sura da mutane da yawa suke tsallakewa, sura ta 45, mai aya 5 kacal. Ita kam saƙo ce zuwa ga Baruk shi kaɗai, ta kuma zo masa tun yana cikin rubutun farko, kafin wuta ta ci kome. Ashe tun a lokacin ya gaji. Ya yi gunaguni cewa Allah ya ƙara masa baƙin ciki a kan ciwo, nishi ya gajiyar da shi, hutu kuma ya ƙi samuwa. Allah bai tsawata masa domin ya yi kuka ba, amma bai rarrashe shi da alkawarin suna ko dukiya ba. Ya tuna masa cewa ƙasar gaba ɗaya tana cikin rushewa, shi Allah da kansa yana tumɓuke abin da ya dasa. Ya gargaɗe shi kada ya nema wa kansa manyan abubuwa a irin wannan zamani. Abin da ya yi masa alkawari ɗaya ne, wato zai tsira da ransa duk inda ya tafi.

Amana da lada

A nan ne amsar tambayarmu take. Idan muka duba karayar marubuci da kyau, za mu tarar abu biyu ne suka cuɗanya a cikinta. Akwai gajiya ta gaske, ta talauci da makoki da fargaba, wadda Allah yake ji yake kuma tausayawa. Akwai kuma wani ciwo na ɓoye, na cewa mun sa rai a san mu, a ambaci sunanmu a taro, abin kuma bai samu ba. Allah ya raba wa Baruk waɗannan biyu. Ya karɓi kukansa, ya cire masa kwaɗayin girma, ya bar shi da ransa da alƙalaminsa. Duk wanda yake shirin ajiye rubutu, ya kyautu ya zauna a gaban Ubangiji ya tambayi kansa wanne ne daga cikin biyun ya fi yi masa nauyi.

Ɗan aike, idan ya komo, ba a tambayarsa ko wanda aka aike shi wurinsa ya ji daɗin saƙon. Abin da ake tambayarsa shi ne ko ya kai, ko kuma ya kai shi yadda aka ba shi. Baiwar rubutu amana ce irin wannan. Wanda Allah ya ba ido mai lura da hannu mai iya tsara magana, an ba shi ne domin waɗanda ba su da su. Yawan masu karatu, da kuɗin da za a samu, da lokacin da amfanin zai fito, duk suna hannun wanda ya yi aiken. A ranar da kaskon Yehoyakim yake ci, duk wanda ya duba zai ce sarki ya yi nasara. Kafin shekara 20 su cika Urushalima ta faɗi a hannun Babila, fadar ta zama kufai. Maganar Irmiya kuwa ga ta muna karantawa da Hausa a Sakkwato, littafin da yake ɗauke da sunan Baruk kuma yana cikin karatun da Ikilisiya ta tsara domin daren jiran Tashin Ubangiji.

Sai dai a nan dole mu yi hattara. Baruk Maganar Allah ya rubuta, mu kuwa tunaninmu muke rubutawa, tunanin ɗan Adam kuwa yakan karkace. Ba kowane mai sukar rubutunmu ne Yehoyakim ba. Wani lokaci mai gyara mana kuskure shi ne babban masoyinmu, wani lokaci kuma abin da muka rubuta cikin fushi gara a ce wuta ta ci shi. Ɗaukar rubutu a matsayin amana yana ƙarfafa gwiwa, yana kuma sa tawali'u, gama wanda aka ba ajiya ba shi da ikon sauya ta yadda ya ga dama.

Abin da ƙasar Wurno take koya mana

Mu da muke zaune a wannan yanki ba mu da bukatar zuwa nesa neman misali. Bangaskiyarmu ta bambanta da ta maƙwabtanmu Musulmi, amma ba abin kunya ba ne mu koyi jimiri daga magabatansu. A Wurno ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya mai da garin ribaɗi ya kuma rasu a can a 1837. Rayuwarsa ta ƙare tsakanin sansanin yaƙi da shari'ar jama'a, duk da haka ya bar littattafai masu yawa a kan tarihi da mulki da magani. Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, har yau masu binciken tarihin ƙasar Hausa ba su iya wuce shi. Shi ma bai tsira daga hasarar littafi ba. Baturen nan Kilafaton, a ziyararsa ta biyu tsakanin 1826 da 1827, ya kawo masa littafin lissafi na Yuklid da Larabci, Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar irinsa da aka kawo daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashen gidansa.

Ƙanwarsa Nana Asma'u tana yarinya 'yar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da yaƙi tun tana ƙarama, ta yi makokin mahaifinta da Bello da 'yan'uwa da ƙawaye, makokin kuma ta mai da shi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ba ta da injin ɗab'i. Jajinta su ne suke haddace waƙoƙin su kai wa matan karkara, 'yan taru. Ta rasu a 1864, zuriyar gidan Waziri suka adana takardunta, sai a 1997 aka tattara su cikin kundi guda tare da fassarar Turanci, duniya ta karanta.

Akwai kuma wani da ya fi kusa da mu. A 1853 Baturen Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A cikin yaransa akwai wani matashi Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bawa yana yaro, daga baya aka 'yanta shi. Idon mutanen gari yana kan Bature, ba a kan yaron da yake yi masa hidima ba. A 1855 Dorugu ya isa Ingila, ya zauna da wani mai wa'azin Bishara, Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, yana taimakonsa gane Hausa. Daga wannan zama aka sami taimako wajen nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, da kuma fassarar farko ta waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki. Sunan da ya yi fice a bangon littattafan na Schön ne. Dorugu ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912, shekara 20 kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Bai ga girbin ba, amma duk ranar da muka ji Bishara da Hausa muna cin moriyar hanyar da ya taimaka aka share.

Mutanen Goronyo sun san wannan darasi a aikace. Madatsar ruwan da take kan kogin Rima tana tara ruwa da damina, lokacin da ba wanda yake kukan ƙishi. Sai rani ya tsananta manoman albasa da tafarnuwa da shinkafa na kwarin suke sanin darajar abin da aka tara. Rubutu da yawa haka yake, mai bukatarsa bai iso ba tukuna.

Me za mu rubuta a wannan zamani?

A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da 30 a Tabanni da ƙauyukan kewaye a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. A lokacin an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Goronyo da Rabah, saboda haka labarin ma da ƙyar ya fita. Jaridu suka ba da adadi, bayan 'yan kwanaki suka wuce zuwa wani labari. Amma kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da suna, yana da sana'a, yana da waɗanda suka jira shi da tuwon dare bai komo ba. Mafi yawansu maƙwabtanmu ne Musulmi, an halicce su cikin kamannin Allah kamar yadda aka halicce mu.

Ikilisiya tun farkonta mai rubuta sunaye ce. A 1994 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya roƙi ikilisiyoyin kowace ƙasa kada su bari tunawa da shaidun bangaskiya na zamaninmu ya ɓace, a 2023 kuma Paparoma Faransis ya kafa kwamiti domin tattara sunayensu. Wannan aiki ba a Roma yake farawa ba, a littafin katikis yake farawa. Malamin makarantar da ya rubuta sunan ɗalibinsa da aka kashe, da ranar, da irin halinsa, ya yi aikin jinƙai ko da takardar ba ta taɓa fita daga akwatinsa ba. Mun ga misali a cikin firistocinmu. A ranar 25 ga Mayu 2022 aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara tare da waɗansu mutum biyu a Gidan Mai Kambu, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato. Bayan kwana 33 a daji aka sako su. Fada Ojapah yana da dalilin da zai rufe bakinsa har abada, amma ya zauna ya rubuta littafi a kan abin da ya gani, domin waɗanda suka sha irin wannan azaba su san ba su kaɗai ba ne.

Tsoro da hikima

Wani zai ce: kun faɗi gaskiya, amma a ƙasar nan kalma tana iya jawo mutuwa. Ba mu musa ba. Ba mu manta da 12 ga Mayu 2022 ba, ranar da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a kan wani saƙon murya da ta aika a WhatsApp, kisan da Majalisar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da shi. Mun kuma tuna yadda saƙon Kirsimeti na 2020 na Bishop ɗinmu, Matthew Hassan Kukah, ya sa wata ƙungiya ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar Sakkwato. Yana nan, yana kuma ci gaba da rubutu. Duk da haka ba kowa ne yake da murya da kariya irin ta Bishop ba, Ikilisiya kuma ba ta ce wa kowa ya jefa kansa cikin wuta ba. Baruk ma ya ɓuya, Allah ne kuwa ya ɓoye shi.

Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi wuyar janyewa. Saboda haka akwai abin da za a rubuta a buga yau, akwai wanda za a rubuta a adana, akwai kuma wanda bai kamata Kirista ya rubuta ba ko kaɗan, wato zagi, da cin mutuncin abin da maƙwabci yake girmamawa, da jita-jitar da ba a tabbatar ba, da bayyana sunan wanda bayyanawar za ta jefa shi cikin haɗari. Waliyyi Faransis na Sales, wanda Paparoma Piyus na 11 ya naɗa majiɓincin marubuta a 1923, ya sha irin wannan gwaji. Da aka aike shi yankin Shabale a 1594, mutane suka ƙaurace wa wa'azinsa. Sai ya koma rubuta gajerun takardu, ana kwafarsu da hannu ana zura su ta ƙarƙashin ƙofofi. Abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne taushin harshe. Bai rage gaskiya ba, bai kuma yi zagi ba. Shirun hikima yana jiran lokacinsa da alƙalami a hannu, shirun fid da zuciya kuwa shi ne muke roƙonku ku guje masa.

Namu nauyin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da Manzo Bulus yake kurkuku, ya roƙi Timoti ya kawo masa alkyabbarsa da littattafansa da takardun fata. Manzo ne babba, amma sai da wani ya ɗauko masa kayan aiki. Haka mu ma, kada mu bar marubutanmu da ƙarfafawar baki kawai. Majalisar kowace majami'a tana iya saya wa katikis littafin rubutu da fitila. Ƙungiyar mawaƙa ta gwada sabuwar waƙar ɗan'uwa kafin ta yanke mata hukunci. Wanda ya fi ƙwarewa da Hausa ya gyara wa ɗan'uwansa a keɓe, ba a bainar jama'a ba. Wanda ya buga littafi, mu saya da kuɗinmu, kada mu jira kyauta. Idan kuma kun san wani ɗan'uwa a Wurno ko Rabah ko Goronyo da yake rubutu shi kaɗai, ku neme shi, ku ce ya karanta muku, ku saurara har ƙarshe.

Ku kuma marubuta, wanda ya gaji ya huta, gama hutu ba zunubi ba ne. Ya kai kukansa ga Ubangiji kamar Baruk, ba tare da ɓoye kome ba. Bayan haka ya ɗauko wata takarda, ko da layi biyar ne zai iya a rana.

Allah Uba, wanda Kalmarsa ta zama mutum ta zauna a cikinmu, ya ƙarfafa hannuwan da suka yi sanyi, ya ji ƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba ƙasarmu salama. Uwargida Maryamu da Waliyyi Faransis na Sales su yi roƙo dominmu. Amin.